Ranar da Sitiyari Ya Ƙi Tashi

A shekarun da jiharmu ke sabuwa, muna ta koyon cewa Birnin Kebbi maimakon Sakkwato, albasa ta yi wa maigidana albarka, ya sayo mota daga Kwatano. Abin da ya fi burge mutanen Aliero a jikinta shi ne sitiyari. In an zare makulli sai ya ɗaga kansa sama ya ba direba hanya, in an sa makulli ya sauko daidai inda aka bar shi. Alhaji mai tumbi ne, don haka ya ce wannan mota ta san girman mutane.

Mai tuƙa mana ɗan yayar Alhaji ne, magidanci siriri mai 'ya'ya huɗu, ba shi da gona sai wannan tuƙin. Inna yake ce mini.

Ba a yi wata biyu ba motar ta koma warin albasa, domin Alhaji ba ya iya wuce buhu mai kyau bai ce a sa a baya ba. To ga ɗiyata ta haihu a Maiyama, za mu suna, ni kuwa ba zan sauka gaban surukai ina warin rumbu ba. Ana gobe tafiya, da hantsi, maza sun fita, na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wuta, na ajiye a inda direba ke sa ƙafa, na rufe ƙofofi kamar yadda nake yi wa ɗaki. Da na dawo mota ta yi ƙamshi, na ji daɗi.

Da safe direba ya sa makulli, sitiyari ya sauko kaɗan, ya tsaya, ya sake saukowa, har ya kusa taɓa cinyarsa. Ya danna maɓallin da ke gefe, abu ya yi ƙugi bai motsa ba.

"Mi kat taɓa?" in ji Alhaji.

"Ban taɓa komi ba, Kawu."

"Kullum hannunka na bisa maɓallin ga kamar mai kiɗan gurmi. Koma baya. In mun dawo ka aje min makulli, ka nemi wani aiki."

Alhaji ya cusa kansa ya tuƙa mu, sitiyari na gugar tumbinsa a kowace kwana. Direba na gefena ya haɗa tagumi. Ni har lokacin ban kawo komai a raina ba.

A Jega muka tsaya wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ranar kasuwa kuwa. Alhaji ya zare makulli yana jiran a ba shi hanya, ba a ba shi ba. Sai da aka kwantar da kujera aka zaro shi ta baya, masu kora awaki suna tsayawa kallo.

Mai wayarin dattijo ne marar gaggawa. Ya fara da fis, ya ɗaga shi ga rana, ya ce lafiya lau. Ya gwada maɓallin da mita, ya ce shi ma shina aiki. Ya kwance murfin ƙarƙashin sitiyari, ya ba ɗan injin da ke tura shi wuta kai tsaye daga batir, sitiyari ya miƙe sama sumul.

"To inji na da rai," ya ce. "Akwai wani ɗan abu nan, sensa, shi ka gaya ma mota inda sitiyari yak kai. In ya yi shiru, mota ba ta sanin sama anka nuhwa ko ƙasa, sai ta tsaya."

"Danne-danne ka kashe shi ko?" Alhaji ya tambaya yana harara.

"Bari mu gani, Alhaji."

Ya kwanta rigingine, ya bi siraran wayoyi uku da yatsa har ya iso soket. Ya ciro shi. Robar ta narke ta lanƙwashe, wayoyi biyu sun manne da juna. Ya juya shi, ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa. Sai ya ɗago ya dube ni, ya mai da idonsa ƙasa.

"Zahi ne yat taɓa shi," ya ce a hankali. "Zahi mai ƙamshi."

A nan na tuna da kaskona. Na ga dattijon ba zai ƙara kalma ba, na ga direba yana murza hularsa. Da na yi shiru, da maganar ta wuce a kan direba.

"Alhaji," na ce, "ni nis sa kasko jiya."

"Wane kasko?"

"Na turare."

"Da wuta ciki?"

"Turare ba ya tashi babu wuta, Alhaji."

Ya dubi motar, ya dube ni. Mai wayarin ya duƙa yana yanke soket ɗin, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya haɗa wani, ya naɗe da salatif, ya sa makulli ya kai sitiyari can sama ya dawo da shi can ƙasa, ya ce sai an nuna wa mota iyakarta tukuna take tunawa.

Da aka gama Alhaji ya tsaya riƙe da makulli, yana gyaran babbar riga da ba ta karkace ba.

"Kai kuma tsayuwar mi kake yi? So kake a raɗa suna ba mu kai ba?"

Ya jefa wa direba makulli, ya shigo baya ya zauna kusa da ni, muka kama hanya har Maiyama. Can na jiyo shi a zaure yana gaya wa surukai dalilin makararmu, wai motar Turai ce, ba ta saba da zafin ƙasarmu ba. Direba na bakin ƙofa yana cewa, "Haka ne, Kawu."