Shekara Shida Bayan Malam Isuhu Mai Bes

Bana shekara shida ke nan da Allah ya yi wa Malam Isuhu rasuwa. A Maraɗi yake zaune, kuma shi ya koya mini jita bes, mai babbar muryar nan mai tsirkiya huɗu.

Na haura talatin lokacin da na same shi. Mota nake ja tsakanin Jibiya da Maraɗi, ranar hutu in bi mawaƙa gidan biki ina kaɗawa da kunne kawai. Malamai biyu na gwada kafin shi. Ɗaya ya ce in riƙa kallon yatsunsa, ɗayan ya fi son in wanke masa babur. Wani fasinja ne ya kwatanta mini gidan Malam a bayan tasha.

Ran farko na zuba masa duk gwanintar da nake taƙama da ita. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Direba, ka iya gudu, amma ba ka san inda za ka ba." Wata uku bai bar ni na kaɗa waƙa ba, sai do, re, mi, yadda ake koyar da sautukan kiɗa a Nijar, da tazarar sauti da sauti, da ƙidayar bugu. Na yi fushi na ɗauke ƙafa. Da na koma bai tambaye ni dalili ba. Sannu a hankali na fara gane abin da ya sa wannan sauti ke bin wancan. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

Ciwonsa ya zo daidai da rufe iyaka, ni kuma ina Jibiya. Wasu na ratsawa ta daji, ni tsoro ya hana ni. Na yi ta cewa sai an buɗe, har labari ya iske ni an kai shi makwancinsa. Wannan ban daina jinsa a raina ba.

Ko me zai ce da ya ga yau? Bikin da ake kiranmu a ƙauyukan Daddara da Mazanya ya ja baya, mutane na ta kansu saboda rashin tsaro. Wanda ya yi biki ma, fiyanon lantarki ɗaya ya ishe shi, shi ne ganga, shi ne bes. Masu sha'awa a waya suke koyo, kuma waya ba ta ce wa kowa ya sake. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Ni kaina nakan yi wata ban taɓa jitar ba.

Da aka buɗe iyaka na je gaisuwa. Maiɗakinsa ta ɗauko wani tsohon littafi da ya cika da darussa da hannunsa, ta ce, "Ya ce a ba ka, kai za ka san wanda ya dace." Malam bai bar faifai ba, ko hotonsa ba ni da shi. Mutum biyu na koyar da littafin nan zuwa yanzu, dukansu ba su taɓa ganinsa ba, amma in mun tashi darasi su ke fara yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya yafe mini rashin zuwa.