Kawu Bala Mai Tabarau Ja da Shuɗi

Duk wanda ya san Kawu Bala a Talata Mafara ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya kanne maka ido. Ya rufe na hagu ya dube ka, ya rufe na dama ya sake dubawa, sannan ya ce, "Lahiya lau, ya gida?" Baƙo sai ya ɗauka iskanci ne. Mu kuwa 'ya'yan yayyensa mun san auna ka yake yi, don kowane ido, in ji shi, da tasa duniyar.

Gidanmu gidan mahauta ne, shi kaɗai ya bauɗe ya kama kwamfuta. Sai ya gina abu a cikinta, ɗaki ko bishiya, ya ɗauke shi hoto sau biyu, ɗaya daga inda idon hagu zai tsaya, ɗaya daga na dama. Ya rina wannan ja, wancan shuɗi, ya ɗora su kan juna. Da ido zalla kamar hoton ya jiƙe. Amma ka sa tabaransa, wayyo, sai abu ya taso maka! Tabaran ma da kwalin sabulu da ledar alewa yake yin su. Ya sha hana mu jefar da leda.

Fita da Kawu kuwa faɗuwar gaba ce. Wata rana muna cikin bas za mu Bakura ta'aziyya, lokacin hanya ba daɗi, aka tsayar da mu a shingen jami'an tsaro. Jami'i ya leƙo ta taga, sai na ga Kawu ya rufe idon hagu. Na mintsine shi. Ina! Ya rufe na dama.

"Kai! Wa kake yi wa alama?"

Wata tsohuwa ta fara salati.

"Ranka shi daɗe, ba kowa," in ji Kawu. "Hancinka na ka kallo. Wallahi in an ɗauke shi hoto, sai ya tsokane ma mutum ido."

Jami'in ya shafa hancinsa, ya ce direba ya wuce. Har Bakura ba wanda ya yi wa Kawu magana.

Sai ranar da ya gina bajimin sa a kwamfuta, ya kira babana, wanda ya tsufa a cikin shanu. "Yaya, ja a hagu! Kak ka juya shi!" Baba ya sa tabarau, ya ga ƙaho ya nufo cikinsa. Ya yi baya da kujera, hula ta yi nata wuri, yana ihu, "Ku riƙe mai ƙafar baya!" Muka ruga, mun ɗauka ya karye. Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya sake leƙawa, ya taɓe baki.

"Wanga sa ramamme na. Dubi tozo kamar ƙurji."

Kawu ya ji haushin maganar nan fiye da zagi. Bai sake zama majalisa ba sai da ya ƙara wa san tozo.

Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na Inna, mahaifiyarsu. Tun da muka ɗauko ta daga ƙauyenmu na wajen Janbako saboda 'yan bindiga, kullum ƙullin kayanta na gefen gado, wai gobe za ta koma. Kawu ya zauna yana tambayar ta ina rumbu, ina rijiya, ina durumi, har ya gina gidan kaf. Baba ya hana a nuna mata. "Bala, tana da hawan jini. In ta faɗi, kai da Allah."

"Yaya, in ba ta gani ba ma faɗuwa za ta yi."

Aka zaunar da ita, ni na riƙe kofin ruwa. Ta sa tabarau. Ta miƙa hannu a hankali kamar za ta dafa bangon zaure. Baba ya sunkuyar da kai. Can sai ta juyo a fusace.

"Bala! Wane sakarai ya bar akurkin kaji buɗe?"

Muka fashe da dariya, har da masu hawaye. Kawu ya ce, "Ki yi haƙuri Inna, ni na." Ya koma kwamfuta ya rufe akurkin, ya sake ɗaukar hotunan biyu. Daga ranar kullum da hantsi sai ta sa tabarau ta duba gidanta, ta yi faɗan shara.

Bara zazzaɓi ya kwantar da Kawu, bai tashi ba. Ya riga Inna tafiya, kuma har yau ba mu iya gaya mata yaushe hanya za ta buɗe ba.

Allah ka jiƙan Kawu Bala, ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci. Mu da muka saura, ka zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Amin.