Tafiyata Zarnu, ƙasar da ɗana ya ƙirƙira

Muna sallame sallar asuba muka kulle gida. Mu uku ne: ni, da ɗiyata, da ƙanena wanda shi ne ya ja motar. Titin Gate City Boulevard na nan Greensboro babu kowa sai masu kai burodi shaguna. Garin fure ya rufe motar ta koma ruwan ɗorawa, kamar yadda yake yi duk lokacin da sanyi ya janye a wannan jiha, har ƙanena ya ce da ana tuwo da shi da mun huta da cefane.

Masu bibiyata da yawa sun san na rasa ɗana na fari bara, bayan gajeriyar jinya. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne yana da wata ƙasa. Tun yana sakandare shi da abokansa suka ƙirƙire ta, suka sa mata suna Zarnu, suka yi mata koguna da sarakuna da dokoki. Duk shekara idan itatuwa suka fara toho sai su kama hayar wani sansani a gindin duwatsu, su sa kayan mutanen can, su yi bikin da suke kira Tashin Iri. Ban taɓa zuwa ba. Wannan karon wata abokiyarsa ta kira ni. Ta ce a dokar Zarnu ba a ambaton wanda ya rasu duk tsawon sanyi, sai ranar bikin, kuma wanda ya fi kusa da shi ne yake fara faɗin sunansa. Suna roƙon in zo in faɗa.

Na ce mata to. Ban iya yi mata bayanin cewa ɗan fari ne ba, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ni ban taɓa kiran sunansa ba. Yaron nan nake cewa, ko in ce kai. A asibiti ma da nas ta tambaye ni, ƙanena ne ya amsa. Da wannan nauyin na shiga mota.

Mun bi babbar hanya yamma, muka wuce Winston-Salem rana na fitowa, sannan muka karkata arewa. Hanyar sumul take, sai dai manyan motoci. Gefen titi akwai itatuwa masu farin fure da wasu masu jan algashi, ko ganye ba su yi ba tukuna. Can gaba wani dutse ya bayyana shi kaɗai, da dunƙule a kansa kamar an kife turmi. Ɗiyata ta ce da Turanci, kamar yadda ta saba amsa mini, wai yayanta ya sa dutsen nan a taswirar Zarnu, a nan rana take kwana idan ta yi fushi. Na daɗe ina waiwayensa.

Mun tsaya shan mai a wani ƙaramin gari. Man ya ɗan fi na Greensboro sauƙi, amma shayinsu ruwan zafi ne kawai aka nuna wa ganye. Duk abin da ke cikin gilashin abincinsu da naman alade a ciki, sai muka koma mota muka buɗe kular wainar da na soya da miyar taushe. Matar da ke kan kanta ta yaba ɗankwalina, ta ce Allah ya yi mini albarka, irin gaisuwar mutanen kudancin ƙasar nan. Ƙanena yana cin waina ya ce, “Yaya, in muka tarar bori suke yi, ni a mota zan jira.” Na ce masa na riga na tambaya, babu abin da ake bauta wa, wasa ne. Ya ce shi dai ya faɗa.

Daga nan kwalta ta ƙare, muka hau tsakuwa tsakanin gonaki da shanu baƙaƙe masu ƙiba. Sansanin fili ne mai ciyawa, da ɗakunan katako, da rafi a ƙasa. Wanda ya nuna mana wurin fakin yana sanye da doguwar alkyabba da kunnuwan kura na roba, daga baya na ji likitan haƙori ne. Sarauniyar Zarnu kuwa na san fuskarta: direbar bas ce, na sha shiga motarta daga tashar da ke cikin gari in tafi aiki. Ta cire kambin kwalinta kafin ta gaishe ni. Akwai farare, akwai baƙaƙe, akwai wani ɗan Indiya riƙe da takobin soso. Kowa ya zo ya riƙe hannuna, kuma na lura babu wanda ya ambaci sunansa. Ɗanki suke cewa. Dokarsu suke bi, amma ni sai na ji kamar ina cikin dangi a gida.

An ba mu miyar kabewa da burodi mai tauri. Gishiri bai ji ba, amma da zafinta. Da azahar ta yi suka kwashe garkuwoyi daga wani ɗaki muka yi salla.

Bayan nan aka taru a bakin rafi. Mutum biyu suka ɗauko tukunyar ƙasa da aka liƙe bakinta da laka. Sarauniya ta yi bayani: a Zarnu idan sanyi ya zo ana kashe wutar ƙarshe, a zuba iri cikin tokarta a rufe, kada mutuwa ta gan shi. Ranar Tashin Iri sai a fasa, a ba iska tokar, a raba irin. Aka fasa. Wake ne a ciki, farin wake cikin toka.

Sai da na dafa ɗiyata. Haka mahaifiyata take ajiye irin wake a ƙauyenmu saboda ƙwari. Na tuna ranar da na ba shi labarin, yana ƙarami, yana zaune kan injin wanki a gidanmu na farko yana kaɗa ƙafa. Ban zaci yana saurare ba.

Abin da aka fito da shi na gaba faifaina ne. Wanda na zo da shi tun daga ƙauyenmu, mai jan zare a baki, wanda na juye kicin ina nema shekarun baya har na haƙura. Ƙanena ya matso ya ce a hankali, “Yaya, ga ɓarawonki an kama.” Dariya ta zo mini tare da abin da ya fi ta nauyi.

Abokiyar tasa ta ce shi ne yake bakacen duk shekara, su sun gwada toka ta cika musu ido. Ta miƙo mini da hannu biyu. Na juya wa iska baya, na fara. Hannu bai manta ba. Tokar ta tashi ta bi rafi, waken yana dawowa kan faifai da ƙararsa, har ya fito fari. Daga nan kowa ya juyo gare ni. Ni ake jira in faɗi sunan.

Na ji ɗiyata ta matso. Da Hausa ta yi magana, abin da ta daɗe ba ta yi ba. “Mama, in faɗa a madadinki?” Ashe ta sani. Ƙanena ya sunkuyar da kai. Na duba mutanen nan da kunnuwansu na roba da rigunan da suka ɗinka da hannu, sun riƙe bakinsu duk tsawon sanyi saboda shi. Na yi tunanin kunyar da na yi masa tun ranar suna. Don kada a ga yawan son da nake masa ne ake yin ta. Yanzu ban san wa nake ɓoye wa ba.

Na ce mata a'a. Na faɗa da kaina. Muryar ba ta fita sosai ba, sunan ya yi mini baƙo a baki kamar abincin da na daɗe ina dafawa ban taɓa ɗanɗana ba. Suka maimaita bayana, kowa da irin lafazinsa, wasu ma ba daidai ba. Ni kuma a zuciyata na roƙa masa rahama.

Aka raba waken, kowa cikin tafin hannu. Da za mu tafi abokiyar ta goge faifan ta kawo mini. Na riƙe shi ɗan lokaci, na mayar mata, na ce baɗi ɗiyata za ta zo ta yi musu bakace, zan koya mata a kan tire. Ɗiyar ta harare ni, amma ba ta ce a'a ba.

Mun kamo hanya da la'asar. Dutsen nan mai kama da turmi ya koma hannun hagu. Ba mu yi hira sosai ba, sai ƙanena da yake cewa yana son alkyabbar likitan. Muka shigo Greensboro kafin magariba, na tsaya shagon kayan Afirka na sayi manja, don gobe ma za a ci abinci.

Abin da na gano a tafiyar nan ba shi da yawa. Na ɗauka yaron nan ya tafi wata duniya da babu ni a ciki, ashe kayan gidanmu ya kwasa ya gina ta. Waken na shuka shi a tukwane biyu a baranda, uku sun tsiro. Sunan kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Amma da safe idan na fita ba su ruwa, kuma babu kowa kusa, ina faɗa.