Tausar Tsaye ta Inna Hajo

Ku 'yan Kurfai, wa ya taɓa ganin an yi wa mutum tausa yana tsaye?

Jiya na tarar da kakata, Inna Hajo, ta jingina kawu Idi da rumbu tana murza mishi wuya da man shanu. Ni kuwa kwana biyu ina karanta ire-iren tausa a waya, ta Sin, ta Indiya, har ta duwatsu masu zafi. Duk a kwance ake yi.

Na ce, "Inna, bar bawan Allah shi kwanta mana, haka duniya ke yi."

Ko kallona ba ta yi ba. "Wace duniya? Kakana dakon kayan Nasara ya yi a ka, daga Filinge har Yamai. Wanda duk ya kwanta a hanya, da bulala gardin Nasara ke tada shi. A tsaye 'yan dako ke gyara ma juna wuya kafin a ce a ɗau kaya."

Sai na ga yatsunta suna rawa. Ta kasa gama wuyan kawu.

Na ce ta koya mini. Ta damƙi hannuna, ta saki. "Hannunka irin bakinka ne, bai san jira ba."

Tun lokacin na kasa zama wuri guda. Ita kaɗai ta rage da ta iya.

Ku masu karatun lafiya da ke kiran wannan jahilci, wa zai zo ya koya tun hannun nan yana motsi? Ban son saƙon ɓoye. Ku amsa nan, kowa ya gani.