Bandejin da Bai Kai ga Fuskar Yayana Ba

A shekarun da masana'antun Kano suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin kamfanin auduga da bandeji a Sharaɗa. Shugabanmu wani dattijo ne ɗan kudancin Kaduna, masanin haɗa magunguna, kowa Baba yake ce masa. Ya yi shekaru yana fama da abu ɗaya: bandejin da zai riƙa sakin magani a hankali cikin ciwo, ya kwana uku ba a taɓa shi ba. Ni nake jiƙa masa yankakkun ƙyallaye da maganin, ina jerawa a firji.

Ana nan sai ruwan sinadari ya watsu wa yayana a fuska, a majemar da yake aiki a Challawa. Daga kunci har haɓa duk ya saɓule. Kullum da safe a asibiti sai an ɓare bandejin jiya, ya taho da sabuwar fatar da ta fara fitowa. Magidanci mai 'ya'ya huɗu, da kunnena na ji yana kiran mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa.

Na je na durƙusa gaban Baba.

"Baba, ku taimaka ku ba ni ko guda biyu ne."

"'Yata, ban taɓa gwada shi a jikin mutum ba," in ji shi. "Fuska ce fa, kusa da ido. In ya makance, me zan ce miki?"

Na tambaye shi yaushe za a gwada. Ya ce in ba shi wata ɗaya.

A cikin watan aka ɗauke wuta fiye da mako, janareta kuma babu mai. Da muka buɗe firjin, ƙyallayen duk sun yi funfuna. Baba ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce in kwashe in ƙone. Kafin mu haɗa wasu, aka liƙa takarda a bakin ƙofa cewa an rufe kamfanin. Baba ya koma garinsu, ban ƙara jin labarinsa ba.

Ciwon yayana ya warke daga baya, amma tabon ya janye masa baki gefe guda, har yau in yana shan ruwa sai ya zubo. Ya bar aikin majema, ya daina zuwa ɗaurin aure da suna. In na je gidansa a Na'ibawa, lafiyayyen ɓarin fuskar yake juyo mini mu gaisa, mu yi hirar yara, in tashi in tafi.