Abin da aka ɗiba a hancina a Dapaong

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu suka riƙa tsare matata Rakiya a hanya suna tambayar ko lafiya. Inusa ne, mahaucin unguwar Komah a Sokodé. Sai yanzu na iya ba da labarin nan.

Lokacin korona ne. Na tafi Dapaong sayen shanu, na sauka wajen yayana Salifu. Jiki ya yi nauyi, na ce gajiyar mota ce. Aka kawo tuwo da miyar daddawa, ban ji ƙamshin komai ba. Sai tari, sai zazzaɓi.

Ranar da numfashi ya hana ni ƙarasa Fatiha a tsaye, Yaya ya ɗora ni a moto, babur ɗinsa, sai lopital, wato asibiti.

Aka zura mini tsinke mai auduga a hanci, aka ɗebi jini. Sakamako ya fito: korona ce, ga ciwon suga da nake fama da shi tun da can.

Aka keɓe ni. Robar iska a hanci, kwanciya rub da ciki, awon suga safe da yamma. Magani ya cinye jarin da na zo da shi. Dattijon da ke gadon kusa da ni, a rufe aka fitar da shi. Na ji tsoro ƙwarai. Rakiya ta kira tana kuka, ni kuma ba numfashin amsa mata.

Da na ɗan samu sauƙi, likitar da ke duba ni, wata 'yar ƙabilar Moba mai Hausar kasuwa, ta nemi izinina. Suna son aika abin da aka ɗiba a hancina wurin bincike, a gane irin ƙwayar da ke yawo a ƙasarmu.

Na ce, "Dakta, sayarwa za ku yi?"

Ta ce, "A'a Baba. Abin da aka gano a fili za a sa shi, ba sunanka, kowane mai bincike a duniya ya gani. Da irinsa masu haɗa allurar rigakafi suke gane ko cutar ta canja."

"In mai binciken ya yi kuskure fa?"

"Ba a karɓar maganar mutum ɗaya. Sai wasu masana sun bi aikin sun tantance. Ko bayan an buga, wani na iya fitowa ya ce ga gyara."

Wannan kam na gane. Ko mu, naman da aka yanka a ɓoye ba ya hawa teburinmu, sai likitan dabbobi ya duba. Na ce a aika.

Allah ya tashi kafaɗata. Ranar da aka cire mini robar, na taka da ƙafata har bakin ƙofa, Yaya yana can nesa yana ɗaga mini hula. Na dawo Sokodé a rame, amma na dawo.

Da allurar rigakafin ta iso, zongo ya cika da magana, wai ba don jikinmu aka yi ta ba. Na kira Dakta na ce, "An gwada ta a kan baƙar fata? A kan masu suga irina?"

Ta ce, "An gwada, Baba. Ba ji na yi ba, da idona na karanta sakamakon da suka sa a fili."

Na je na miƙa hannu. Rakiya ta bi bayana, sai abokan sana'ata, har da limaminmu da ya fi kowa shakka. Zazzaɓin kwana ɗaya na yi, shi ke nan.

Na gode wa Allah. Na gode wa Dakta da ma'aikatanta, da Yaya Salifu da matarsa da suka yi ta jigilar kunu, da masanan da ban sani ba da suka ƙi ɓoye iliminsu.

Shawarata: in numfashi ya canja, kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi lopital. Mai suga ya faɗa tun daga bakin ƙofa. In aka nemi izininka don bincike, yi tambaya har ka gamsu, sannan ka taimaka, don a san da mu a cikin aikin.

Yau ni kaɗai na saɓa cinyar bijimi daga mayanka har kasuwa, ban tsaya hutawa ba. Alhamdulillahi.