Waƙoƙin Mama Sun Ƙi Buɗewa

Jama'a sun cika tsakar gidanmu a Romi don addu'ar bankwana da Mama, ni kuwa ina durƙushe gaban lasifika ina ta danna kwamfuta, gumi na zuba.

Mama ce ke ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu. Shekara da shekaru Baba yana naɗar muryarta yana adanawa a tsohuwar kwamfutarsa. Da safiyar ranar na kwashe waƙoƙin a filas na zuba a tawa sabuwa, ban ko gwada ba. Ashe tsohon tsari ne, tawa ba ta san shi ba. Ga sunayensu reras, amma ko ɗaya ba ta buɗe ba.

Sai Mama Laraba, aminiyar mahaifiyata, ta dafa kafaɗata.

"Ɗana, lafiya?"

"Mama Laraba, sun ƙi buɗewa. So na yi mutane su ji muryarta."

"Karanto mini sunan ta farko."

Na karanta. Ta gyara ɗaurin zani, ta juya wurin mata ta ɗaga waƙar. Suka amsa, aka fara buga tulu. Haka na yi ta karanto sunaye suna rerawa. Duk inda Mama ta saba jan numfashi, sai su dakata mata.

Daga baya wani mai gyara ya juya mini su zuwa MP3. Yanzu suna buɗewa. Ni ne na kasa dannawa.

Ku fa, muryar wa kuka adana kuka kasa saurara?